Su Wane Ne Miyagu a Duniyar Almara?

Duk marubucin da ya zauna ƙirƙiro duniyar almara, da taswirarta da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta, dole ya yanke shawarar su wane ne za a karkashe ba tare da mai karatu ya ji tausayinsu ba. Ta wannan ƙofa maganar launin fata ta shiga adabin almara na Turawa, kuma har yau ba ta fita ba.

A The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955, mutanen kirki suna yamma, rundunonin da ke mara wa azzalumi Sauron baya kuwa daga gabas da kudu suke ɓullowa. Cikinsu akwai Haradrim, masu duhun fata, masu zuwa fagen fama bisa manyan giwaye. Masu kare Tolkien ba su rasa hujja ba. A 1938 wani kamfanin ɗab'i a Jamus ta Hitler ya nemi ya tabbatar ba shi da jinin Yahudawa kafin a fassara The Hobbit, shi kuwa ya rubuta amsa mai zafi yana yabon Yahudawan. Cikin The Lord of the Rings ɗin ma akwai inda Sam, ɗaya daga cikin jaruman, ya tsaya kan gawar wani sojan Haradrim da ya faɗo kusa da shi, yana tunanin sunansa, da garinsu, da ko ƙarya aka yi masa ko barazana har ya baro gida.

To, amma ba wanda ya taɓa tsayawa haka kan gawar Orc, wato irin dodannin da ke yi wa Sauron yaƙi. Shi da muguntarsa aka haife shi. Ba ya tuba, ba a yi masa afuwa, kashe shi kuma ba ya hana kowa barci. A ganina nan gizo ke saƙar, domin ko menene ke zuciyar marubuci, labarin ya koya wa mai karatu cewa hali yana bin jini. Shi kansa Tolkien, da yake Katolika ne mai riƙo da addini, abin ya dame shi, ya yi ta sauya bayanin asalin Orc har ya mutu a 1973 bai tsaya kan ɗaya ba.

Na abokinsa C.S. Lewis ya fi fitowa fili. Mutanen Calormen a littattafan Narnia suna naɗa rawani, suna rataye da takubba masu lanƙwasa, suna cinikin bayi, suna bauta wa Tash mai kan tsuntsu. Mai karatu Musulmi, ko a Kano yake ko a Damagaram, ba sai an faɗa masa da wa ake ba. An samu na kirki cikinsu, irin Aravis da Emeth, sai dai ita gudu ta yi ta bar ƙasarsu, shi kuma aka ce ashe duk ibadarsa Aslan, zakin da yake ubangijin Narnia, yake yi wa bai sani ba. Mu ma kada mu cika baki, mun san rawar da ake ba Bamaguje da Bagwari a labaranmu na ban dariya.

Wasan Dungeons & Dragons, da ya fito a 1974, shi ya mai da abin doka, kowane jinsi da halinsa a rubuce. Sai a 2020 masu wasan suka sanar za su gyara.

Raddin ya fito ne daga cikin gida. A 1968 Ursula K. Le Guin ta juya taswirar a A Wizard of Earthsea: jarumin, Ged, mai jan fata ne da duhu-duhu, farare kuma su ne mahara masu ƙona ƙauyuka. Da aka mai da littafin fim ɗin talabijin a 2004, sai aka ɗauko farin yaro ya fito a Ged, ita kuwa ta fito ta yi tir da su. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya, ta ci kyautar World Fantasy a 2011 da Who Fears Death, aka miƙa mata mutum-mutumin kan H.P. Lovecraft, marubucin da bai ɓoye ƙyamarsa ga baƙar fata ba. Ta rubuta yadda abin ya tsaya mata a rai, wasu marubutan suka kama, bayan bikin 2015 aka daina bayar da wannan kai.