Takardun Malamai a Legon

Tsakanin Nima da Legon tafiyar tro-tro ce kawai, amma takardun malaman zongo da ke ajiye a Jami'ar Gana sun fi kusa da baƙi bisa ga magadansu. A farkon shekarun 1960 ne Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suka fara tara su. Wanda ya sha wuyar aikin kuwa shi ne Alhaji Usman Boyo. Shi ya bi gidajen malamai yana aron littattafai da wasiƙu, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Wannan abin yabo ne, gama ba a raba kowa da gadonsa ba. A ciki akwai rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, malamin nan da ya rubuta wa Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan na Basel, labarun Hausawa.

Aibin aikin ɗaya ne, ba ƙarami ba kuwa. Jerin takardun da aka fitar a 1962 da Turanci yake. Malamin Maamobi da zai karanta rubutun hannun Alhaji Umaru babu gargada, sai ya nemi tafinta kafin ya gano lambar takardar.