Layar Zana a Silima: Tarken Raunanan Finafinan James Bond

Tun daga Dr. No na 1962 har zuwa No Time to Die na 2021, kamfanin Eon ya fitar da finafinai 25 a kan James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila wanda Ian Fleming ya ƙaga. Gida mai 'ya'ya da yawa haka kuwa ba ya rasa waɗanda za a duba a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Su nake so mu ɗora a sikeli, domin sau da yawa mai koyon rubutu ya fi ƙaruwa da aikin da ya lalace, tun da a nan ne ɗinkin yake fitowa fili.

Ma'aunin da zan yi awo da shi a gida na samo shi. Wani hutu na koma Birnin Gwari da 'yar kwamfutata, na kunna wa kawuna Octopussy na 1983. Shi Kawu haifaffen Tsohon Birni ne, ya kuma yi ƙuruciyarsa yana farauta a dazukan da ke wajen kogin Mariga. Muka zo wurin da ake farautar Bond a dajin Indiya, mutane bisa giwaye suna bin sa da bindigogi. Ya yi kiciɓis da damisa, ya daka mata tsawa ta zauna kamar karen gida, can kuma ya kama igiyar kurmi yana lilo yana ihun Tarzan. Kawu ya kau da kai ya ce, "Kai yaro, wannan dajin ba ya cin mutum." Na ce, "To Kawu, ai akta ba ya mutuwa." Ya ce ya sani, ai maharbin da ke ba da labari shi ma bai mutu ba, amma in ya iya bayarwa sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Ya ƙara da cewa ko layar zana tana da sharaɗi, ran da aka karya shi ran nan za a ga mutum tsirara.

Ma'aunin ke nan. Mun san jarumi zai tsira, amma dole labari ya sa mu manta da haka na ɗan lokaci, dole kuma kowane asiri da aka ba shi ya zama yana da makari.

Mu fara da The Man with the Golden Gun na 1974. Laifinsa almubazzaranci. An samu bos irin wanda ba a cika samu ba, watau Scaramanga, wanda Christopher Lee ya fito a matsayinsa: makashi mai karɓar dala miliyan ɗaya a kan kowane kai, mai harhaɗa bindigarsa ta zinariya daga alƙalami da ƙyastu da gidan taba. Jigon da ke ciki babba ne, domin mutumin yana ganin shi da Bond sana'arsu ɗaya, bambancin kurum Bond gwamnati ke biyansa. Maimakon a bi wannan, sai aka shiga kame-kame. Da yake ana yayin Bruce Lee, aka cusa makarantar kareti. Da yake an yi rikicin man fetur a 1973, aka cusa wata na'urar hasken rana. Har tsallen nan da mota ta yi ta wulwula a iska ta haye kogi a Tailan, wanda da gaske aka yi shi, sai da aka ɓata shi da ƙarar usur irin na wasan yara.

Moonraker na 1979 shi kuwa ciwonsa kwaikwayo. A ƙarshen fim ɗin da ya gabace shi an sanar cewa For Your Eyes Only ne zai biyo, amma da aka ga kasuwar da Star Wars ya yi a 1977, sai aka harba Bond sararin samaniya. Kuɗi kam an samu. Amma a duba ƙaton nan Jaws mai haƙoran ƙarfe: ya faɗo daga jirgin sama lemarsa ba ta buɗe ba, ya tashi; ya rufta daga kan gangaren ruwa a Barazil, ya tashi ya karkaɗe riga. In mugu ba ya jin ciwo, jarumi ma ba ya ji, to me ya rage mai kallo ya ji wa tsoro? Abin takaici, a cikin fim ɗin nan akwai wurin da Drax ya saki karnuka suka bi wata mata cikin itatuwa. Minti kaɗan ne, ba wata na'ura, amma nan ne kaɗai Kawu ya gyara zama.

A View to a Kill na 1985 gajiya ce ta kama shi. Roger Moore yana da shekara 57 sa'ad da ya fito, kuma ko yaro ya ga inda ake musanya shi da wani in an zo gudu ko tsalle. Labarin ma aro ne daga Goldfinger na 1964: can mugu yana so ya lalata zinariyar Amurka don tasa ta yi daraja, nan Zorin yana so ya nutsar da kwarin da ake ƙera kayan kwamfuta don nasa su yi daraja. Christopher Walken da Grace Jones sun yi ƙoƙari, har ma sun fi jarumin rai, wanda kuwa aibi ne babba a irin wannan fim.

Wanda na fi jin haushi shi ne Die Another Day na 2002, domin ya fara da abin kirki ya watsar. An kama Bond a Koriya ta Arewa, aka tsare shi wata 14 ana gana masa azaba, aka sako shi ta hanyar musayar fursuna, shugabarsa kuma tana zargin ya tona asiri. Ga jarumi an karya masa laya, sai mu ga yadda zai yi. Kafin ka ankara ya yi aski ya sa kwat, an ba shi mota mai ɓacewa. Gaskiya ne an harbe ta ɓacewar ta lalace, amma daidai lokacin da yake bukata sai ta gyara kanta. Daga nan sai fadar ƙanƙara, da mugun da ya sake fuska daga Bakoriye zuwa Bature, da Bond yana sulu a kan igiyar ruwan da kowa ya ga zanen kwamfuta ne. Wata 14 na azaba ba su bar masa ko tabo a zuciya ba. Shi ne na ƙarshe a sahuna.

Octopussy da muka fara da shi fa? Duk da ihun Tarzan, shi na ɗora a saman raunanan. Kusa da ƙarshe Bond yana cikin kayan ɗan kama a wani filin wasa a sansanin sojan Amurka da ke Jamus ta Yamma, bam na nukiliya yana gab da tashi, yana roƙon janar ya saurare shi, jama'a suna ta dariya suna zaton wasa ne. Nan ba mota ba na'ura, sai mutum da gaskiyarsa an ƙi yarda da shi. Wannan ya cika sharaɗin Kawu. Inda fim ɗin ya faɗi shi ne yadda ya ɗauki Indiya: masu wasa da maciji, masu kwana kan ƙusoshi, masu haɗiyar takobi, ƙasa guda an mai da ita kayan kallo. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san ƙasar ta wuce haka, an kuma samu ɗan wasa kamar Kabir Bedi aka bar shi da zare ido.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi shafarmu. Dajin Kamuku da na Kuyambana sun shafe shekaru suna cikin labarai saboda 'yan bindiga, kuma duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun da abin ya yi tsanani ya san shirun da mota kan yi in an wuce Buruku. Ba makawa wata rana marubutanmu da masu shirya fim a Kano za su ɗauki wannan labari, wataƙila ma wani daga cikin masu karanta wannan mujalla. Roƙona gare shi, kada ya kawo mana jarumi mai layar da ba ta da makari, kada kuma ya mai da mutanen ƙauyukanmu itatuwan da ake wucewa a guje. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na san akwai 'yan'uwa ɗalibai da za su ce na bar Diamonds Are Forever da Quantum of Solace sun sha. Fili a buɗe yake, sai mu ji daga gare su a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.