Wasiƙar da Ba Ta Ƙetare Teku

Ɗan'uwa, in a Amurka kake, na san ka taɓa samun ambulan daga kamfanin motarka, ka haɗa da takardun talla ka watsa a shara. Ni ma na yi. To, wata ambulan ɗin maganar rai ce a cikinta.

Takata kamfanin Japan ne da ya riƙa yi wa Honda, Toyota, Nissan, Ford da wasunsu jakar iska, wato wadda ke fitowa daga sitiyari ta tare ka in an yi karo. Sinadarin da ya zuba don hura ta, ammonium nitrate, shi ne dai na takin zamani. In ya yi shekaru yana shan zafi da laima sai ya lalace. Ranar karo, sai ya tarwatsa gwangwanin da yake ciki, gutsattsarin ƙarfe su yi wa direba ruwa a fuska da wuya. A Amurka kaɗai sama da mutum 20 sun rasu, aka yi wa jakunkuna kusan miliyan 67 kiranye. A 2017 kamfanin ya amsa laifin murɗe sakamakon gwaji, ya yarda zai biya dala biliyan 1 na tara da diyya, sannan ya durƙushe.

Gyaran kyauta ne, wannan kam a yaba. Inda nake da ja shi ne yadda aka tsara kiranyen. Wasiƙa adireshin mai rajista take bi, ba motar ba. Dokar tarayya ta hana dila sayar da sabuwar mota matuƙar ba a gyara ta ba, amma tsohuwa an bar masa ya sayar. Mu kuwa tsohuwar muke saye. Mu ɗauko ta a gwanjo, mu loda a jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta wuce Kano ko Yamai. Daga nan wa zai aiko da wasiƙa? Ga shi an kai ta inda zafin da ke ɓata sinadarin ya fi yawa. Sun yi shara, sun tura ta ƙofar maƙwabci, mu ne kuma muka ɗauki kwandon.

Saboda haka kafin ka aika wa Baba mota, duba ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Akwai lambar VIN, haruffa da lambobi 17. Saka ta a shafin hukumar NHTSA, nan take za ka ga ko akwai kiranye a kanta. In akwai, kai ta wurin dilan kamfanin a canza tun tana nan. Wadda ka riga ka tura kuwa, sa ƙaninka ya ɗauko maka hoton lambar ta WhatsApp yau ɗin nan, in ta fito a jerin su nemi wakilin kamfanin a can.

Allah ne mai tsarewa, gaskiya ne. Amma wanda ya karɓi makullin da murna yana sa maka albarka bai san da wasiƙar ba. Kai ka sani.