Begen Wasannin Bidiyo na Yarinta da Nazarin Labarin Zane: Darasi Daga Japan

Gabatarwa

A cikin marubuta da masu zane da suka taso daga shekarun 1980 zuwa yau akwai wani rukuni da wasannin bidiyo suka zame wa makarantar farko ta sanin labari, domin a gaban akwatin talabijin, da abin sarrafa wasa a hannu, suka fara ɗanɗana fargabar jarumi da daɗin nasara. Idan irin waɗannan mutane suka girma suka fara rubutu, begen wancan zamani yakan biyo su, wato kewar da mutum yake yi wa abin da ya wuce, wadda takan ƙawata shi fiye da yadda yake a zahiri. Wannan nazari yana duba dalilin da ya sa da yawa daga cikinsu suke komawa ga labarin zane domin koyon sana'ar ba da labari, kuma yana kafa hujja da tarihin Japan, inda fannonin biyu suka girma a gida ɗaya. Abin da ake nufi da labarin zane shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana da hannu cikin ƙananan gidaje a kan shafi, kamar gidajen dara, tare da maganganun taurari a rubuce, kuma Japanawa suna kiran nasu manga.

Tushen alaƙar

Kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar wasa ta Famicom a Japan a shekarar 1983, a lokacin da mujallar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha take ƙara bunƙasa a matsayin babbar kasuwar manga ta samari, har yawan kwafin da ake bugawa a mako ya kai miliyan 6.53 a tsakiyar shekarun 1990. Yaran da suke sayen mujallar su ne kuma suke roƙon iyayensu kaset ɗin wasa, saboda haka ba abin mamaki ba ne da aka sami mutanen da suka yi aiki a fagagen biyu. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Donkey Kong a 1981 da Super Mario Bros. a 1985, ya yi burin zama mai zanen manga tun yana yaro, haka nan Yuji Horii ya yi irin wannan buri kafin ya zama marubuci mai zaman kansa da yake rubuta wa mujallar Jump sharhi a kan wasanni.

Misalin da ya fi bayyana wannan alaƙa shi ne wasan Dragon Quest, wanda kamfanin Enix ya fitar a watan Mayu na 1986. Horii ne ya tsara labarinsa, Koichi Sugiyama ya yi masa kiɗa, Akira Toriyama kuma, mai manga ɗin Dr. Slump da Dragon Ball, ya zana taurarinsa da dodanninsa, bayan editansa Kazuhiko Torishima ya shigar da shi cikin aikin. Wasan ya karɓu ƙwarai, har lokacin da kashi na uku ya fito a Fabrairun 1988 mutane suka yi dogayen layuka a bakin shaguna, wasu ɗalibai ma suka gudu daga makaranta domin su saya.

Ƙarancin kayan aiki da abin da ya haifar

Duk wanda yake son fahimtar abin da yaran wancan zamani suke bege, dole ne ya lura da ƙanƙantar kayan da aka gina wasannin da su. Kaset ɗin Dragon Quest na farko bai wuce kilobayit 64 ba, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ba, kuma wannan matsi ya tilasta wa masu aikin rage yawan haruffan da za su yi rubutu da su, ya kuma sa jarumin yana fuskantar mai kallo ko da wane ɓangare yake tafiya. Irin wannan matsi ne ya ba Mario gashin baki da hula, domin ɗigon hoton da ake da shi bai isa a zana baki da gashin kai a fili ba.

Horii ya tunkari matsalar da idon mai labarin zane, inda da'irar magana ba ta ɗaukar dogon jawabi, sai ya sa kowane mutumin gari ya faɗi jimla ɗaya ko biyu da za su nuna halinsa, su kuma shiryar da mai wasa. Ya fara wasan da rufe jarumi a fadar sarki, ta yadda ba zai fita ba sai ya koyi yin magana da buɗe akwati da buɗe ƙofa, sannan da zarar ya fito sai ya hango gidan sarautar babban abokin gaba a tsallaken ruwa, wurin da ba zai isa ba sai a ƙarshen tafiya. Abin da aka bari ba a zana ba, kamar fuskar jarumi da muryarsa da faɗin dajin da yake ratsawa, yaron da yake wasan ne yake cike shi da tunaninsa. Saboda haka kaso mai yawa na duniyar da babba yake tunawa daga ƙwaƙwalwarsa ta yarinta ya fito, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu sukan ji sanyin gwiwa idan suka sake kunna tsohon wasa bayan shekaru.

Abin da labarin zane yake koyarwa

Wannan cike gurbi da mai wasa yake yi shi ne ginshiƙin labarin zane kansa, kuma shi ne darasi na farko. Will Eisner, a littafinsa na 1985, ya ɗauki fannin a matsayin fasahar jera hotuna bi da bi, sai Scott McCloud ya faɗaɗa batun a littafinsa Understanding Comics na 1993, inda ya mai da hankali ga ratar da take tsakanin gida da gida. A wannan rata babu zane, amma a cikinta ne mai karatu yake haɗa hoton farko da na biyu ya samar da motsi da lokaci da sababi, ta yadda idan aka nuna mutum ya ɗaga tulu a gida ɗaya, aka nuna ruwa yana malala a ƙasa a gida na gaba, mai karatu ne da kansa ya fasa tulun. McCloud ya raba tsallakawa daga gida zuwa gida kashi shida, ya kuma lura cewa masu zane na Amurka sun fi yawan tsallakawa daga aiki zuwa aiki, alhali Japanawa sukan tsaya su nuna sassan wuri guda, kamar sararin sama da taga da tukunya a kan wuta, domin su dasa yanayi a zuciyar mai karatu kafin labari ya motsa.

Darasi na biyu ya shafi sarrafa lokaci da girman gida. Babban gida yana tsayar da ido, jerin ƙananan gidaje yana gaggauta shi, kuma gidan ƙarshe kafin a juya shafi wuri ne na ajiye tambaya, wadda amsarta take ɓoye a bayan takarda. Osamu Tezuka ya yi suna wajen shigar da dabarun fim cikin manga tun daga littafinsa na 1947, Shin Takarajima, wanda ya buɗe da mota tana gudu cikin gidaje da dama, ana sauya nisanta daga idon mai karatu. Darasi na uku kuwa shi ne tsarin nan mai matakai huɗu da Japanawa suke kira kishotenketsu, wato gabatarwa da bunƙasawa da juyi da naɗewa, wanda ya fi fitowa fili a manga mai gida huɗu. Koichi Hayashida, daraktan wasan Super Mario 3D Land na 2011, ya bayyana cewa a kan wannan tsari ake gina matakan wasan, inda ake nuna wa mai wasa sabuwar dabara a wuri marar haɗari, a tsananta ta, a juya ta ta fuskar da bai zata ba, sannan a bar shi ya nuna ƙwarewarsa, kuma ya danganta tunanin ga Miyamoto da zanen da ya yi a ƙuruciya.

Hanyar nazarin

Karatun jin daɗi daban yake da karatun mai koyon sana'a, kuma tarihin Torishima ya nuna bambancin. Ya shiga Shueisha a 1976 ba tare da wata sha'awar manga ba, sai ya dukufa karanta abin da yake ma'ajiyar kamfanin, ya ware waɗanda suke da sauƙin karantawa daga waɗanda suke gajiyar da ido, ya zaɓi aikin Tetsuya Chiba mai suna Ore wa Teppei, ya riƙa bin babinsa na farko gida bayan gida yana tambayar kansa dalilin girman kowane gida da kusurwar da aka zana shi daga gare ta. Da wannan ma'auni ya horar da Toriyama, wanda ya sha ganin an mayar masa da shafuka masu yawa kafin a fara buga Dr. Slump a 1980. A al'adar manga, edita yana duba daftarin da ake kira nemu ne, wato zane na gaggawa da yake nuna rabon gidaje da maganganu kawai, saboda a wannan mataki ne ake gane ko labari yana tafiya, tun kafin kyan zane ya rufe aibinsa. Marubucin zube ma zai iya cin moriyar wannan hanya idan ya karkasa babinsa zuwa gidaje, domin nan take zai ga jimlolin da suke maimaita abin da mai karatu ya riga ya fahimta.

Haɗarin bege da maganinsa

Kamfanoni sun daɗe da gane cewa bege haja ce, shi ya sa Nintendo ya fitar da ƙaramar Famicom mai ɗauke da tsofaffin wasanni 30 a 2016, aka kuma sake gina Dragon Quest na uku aka fitar a 2024, shekarar da Toriyama ya rasu. A wajen mai ƙirƙira kuwa, haɗarin yana cikin kwaikwayon kamanni, inda zai cika aikinsa da ambaton tsofaffin wasanni yana zaton abin da ya motsa shi zai motsa kowa, alhali wanda bai yi wannan yarinta ba babu abin da zai ji. Bryan Lee O'Malley, ɗan ƙasar Kanada, ya kauce wa wannan tarko a jerin littattafansa shida na Scott Pilgrim, da suka fito daga 2004 zuwa 2010. Ya ari siffar manga, ya kuma ari dokokin wasan bidiyo, har abokan faɗan jarumin sukan tarwatse su zama tsabar kuɗi idan an ci su, amma ya mai da wannan ado hanyar tona halin saurayin da yake kallon rayuwa tamkar wasa, yake kuma gyara tunaninsa na baya domin ya manta da waɗanda ya ɓata wa rai. Ta haka begen ya zama jigon da ake bincika a cikin labarin.

Kammalawa

Abin da tarihin Dragon Quest da ayyukan da suka biyo bayansa suke nunawa shi ne cewa ƙarfin tsofaffin wasanni ya samo asali ne daga dabarun da masu labarin zane suka riga suka goge a kansu, wato taƙaita magana, da barin gurbi ga mai karɓar labari, da sanin inda ya kamata a tsayar da shi yana jiran abin da zai biyo. Wannan hukunci ya shafi har matasan da suka taso a shagunan gem na garuruwan Hausa, waɗanda wasunsu a yau suke rubuta labarai ko shirya finafinai. Bege yana ba marubuci dalilin ɗaukar alƙalami da kuma abin da zai yi magana a kansa, amma iya magana sai an koya, kuma shafin labarin zane, da yake ana iya tsayar da shi a ƙidaya gidajensa a auna ratarsa, yana daga cikin wuraren da suka fi sauƙin koyonta.