Hausar Maɓalli

Duk mai leƙa shafukan intanet na ƙungiyoyi da ofisoshi ya san ɗan akwatin nan da ake maƙalawa a kusurwar sama, wanda da ka taɓa shi jerin harsuna zai zubo. Ka zaɓi Hausa, kafin ƙiftawar ido shafin da ke cikin Faransanci ya rikiɗe. Google ya sa Hausa cikin harsunan da injinsa ke fassarawa tun watan Disamba na 2013, tare da Yarbanci da Ibo da Zulu, kuma liƙa akwatin a shafi aikin ƴan mintoci ne ga wanda ya san kan kwamfuta. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, nake kallon akwatin nan da fargaba. Babu hanyar da ta fi shi araha ga ofishin da ke son a ce ya sauke nauyin Hausa.

Ba na cikin masu cewa injin bai iya komai ba. Ya iya, kuma ya fi da. Ɗalibi na iya gane inda labari ya dosa da shi. Matsalar tana wurin hanyar da magana ke bi kafin ta iso mana. Injin ya koyi Hausa ne daga rubuce-rubucen da aka jera gefe da gefe da Ingilishi, galibinsu daga Najeriya. Rubutun da ya haɗa Faransanci da Hausa kai tsaye kaɗan ne, don haka jimlar da aka rubuta a Yamai kan ya da zango a Ingilishi kafin ta zama Hausa. A kowane zango kuwa ana barin kaya.

Ɗauki shafin da ke yi wa mata masu ciki bayani. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ta kai da ke da ku. Hausa ba ta yarda da wannan ba, sai ka zaɓa. A jimlar da aka ambaci ciki, injin na iya dacewa ya ce "kina". A jimla ta gaba, inda aka ce a sha ƙwaya ɗaya kullum, babu abin da zai tuna masa da wa yake magana, sai ya koma "ka sha". Mai karatu ta tsaya tana tunani: ni ce, ko maigidan?

Sunayen mulki ma haka. Abin da muke kira jihar Maraɗi ko jihar Tawa, in ya bi ta Ingilishi sai ya fito "yanki". Gunduma ta zama "sashe", kamar ana maganar wani ɓangare na jami'a. Damagaram kuwa tana nan a Zinder ɗinta, harafi bai motsa ba.

Amma wanda ya fi damuna shi ne kuɗi, don a nan kuskuren ba ya nuna kansa. Faransanci na ƙirga sefa da tamma ɗai-ɗai, kasuwa na ƙirga da dala, dala kuwa tamma biyar ce. Abin da takarda ta rubuta 500, a bakin mai tebur dala ɗari ne. 1000 jika ce. To a ce shafi ya rubuta kuɗin wata takarda 500, injin ya kwafo lambar yadda take, yaro ɗan makaranta ya karanta wa tsohonsa "ɗari biyar". Tsohon ya ji jika biyu da rabi. Nahawu bai karye ba, kalma ba ta ɓace ba, amma farashi ya ninka biyar, wataƙila ma mutumin ya fasa zuwa. Mai fassara labarai a gidan rediyo a ƙasar nan da wannan lissafi yake fara aiki, tun kafin a bar shi ya kusanci makirho. Injin bai taɓa shiga kasuwar Maraɗi ba.

Abin lura, Google ya daina ba sababbin masu shafi wannan akwati a 2019, sannan ya sake buɗe shi a 2020, lokacin korona, ga hukumomi da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Niyyar mai kyau ce. Sai dai hakan na nufin akwatin ya dawo daidai inda kuskure ya fi tsada, wato shafukan lafiya da na hukuma.

Sannan wa za a tuhuma? In mai fassara ya yi kwaɓa a labaran ƙarfe takwas, kafin tara waya ta ishe shi, gobe ya gyara a gaban kowa. Hausar maɓalli ba ta da uba. Shugaban ofishin da ya sa aka liƙa ta sau da yawa bai taɓa karanta ta ba, yana ganin sunan harshen a jeri ya gamsu. Rubutun ma ba ya zaune wuri ɗaya, duk lokacin da aka taɓa ake ƙera shi, yau daban, bayan wata daban. Kuma akwai masu kwafe shi su manna a nasu shafukan, ya koma cikin tarin rubutun da injuna ke koyon Hausa daga gare shi. Haka "sashen Tasawa" zai yi ta yawo har wani ya ɗauka daidai ne.

Ofishin da ke da shafi ɗari ba ya buƙatar fassara ɗari. Waɗanda talaka ke nema ba su wuce goma ba: takardun da ake kawowa, nawa ake biya, wace rana ake buɗewa, ina za a je. A ba mutum ya rubuta su da Hausar ƙasar, da ƴ ɗinmu, kuɗi a dala da jika, a sa sunansa a ƙasa. In da hali a naɗa da murya a ɗora kusa da rubutun, tunda masu jin Hausa a Nijar sun fi masu karanta ta yawa nesa ba kusa ba. Sauran shafuka casa'in a bar musu maɓallin, amma a rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa inji ne ya fassara, babu wanda ya duba.