Kowace Bindiga da Awonta

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka ya san tsarin: a zuba albarushi ta baki, a bi shi da harsashi, a danna da sanda. To, a Amurka, inda bindigar zamani ba ta da wuyar samu, akwai ɗimbin mafarauta da suka zaɓi wannan tsohuwar hanya don farautar barewa, har jihohi da dama suka ware musu lokacinsu daban. A Pensilbaniya, da an wuce Kirsimeti ake buɗe farautar masu bindiga mai ƙyastu, wadda tartsatsin dutse ke kunnawa. Harbi ɗaya tak mutum yake da shi; kafin ya sake ɗuri barewa ta yi nisan kiwo. Saboda wannan harbi ɗayan ne suke ɓata makonni suna neman awon sabuwar bindiga, kuma wannan aiki nasu yana matuƙar burge ni.

Gwani ba ya fara sayen harsashi sai ya san cikin bututun bindigarsa. Akwai tsaga da aka murɗa a ciki, ita ke sa harsashi ya fita yana juyi don ya miƙe. Idan tsagar na kammala zagaye ɗaya a inci 66, bindigar ta dunƙulen darma ce, wanda ake naɗewa a ƙyalle mai maiƙo. Idan a inci 28 ne, kamar yawancin bindigogin da suka biyo bayan ƙirar MK-85 da Tony Knight ya fitar a 1985, dogon harsashi take so. Mai inci 48, irin Hawken ta kamfanin Thompson/Center, tana karɓar kowanne daidai gwargwado. Wanda ya saka dogon harsashi a bututu mai sanyin murɗi, zai ga yana tuntsurawa a iska yana bugun allon gwaji a kaikaice.

A bututu mai faɗin rabin inci, wanda aka fi yayi, nauyin dunƙulen darma wajen giren 180 ne (giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba). Yana kayar da barewa a kusa, amma ƙarfinsa na zubewa da wuri. Masu son nisa sukan ɗauki harsashi mai giren 240 zuwa 300, wanda ake sawa a kwanson roba. Kwanson ne ke kama tsagar, da an fito waje sai ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa ya faɗi, harsashin ya wuce. Sai dai doka ma tana da ta cewa: jihar Kolorado ta hana wannan kwanso a lokacin farautar masu ɗuri.

Wajen albarushi ake gane gwani. Baƙin albarushi na asali yana da daraja-daraja bisa girman ƙwayarsa. Mai lamba FFg ake yawan zuba wa wannan bututu, mai laushi sosai kuwa na kaskon da tartsatsin ƙyastu ke faɗawa ne. Akwai kuma madadinsa, irin su Pyrodex da Triple Seven da Blackhorn 209. Da ma'auni ake auna su, wato cikar gwangwanin tagulla mai lambobi. Wasu bindigogin an rubuta suna ɗaukar har giren 150, kuma sabon shiga yakan ɗauka iyakar ita ce daidai. Gwani yakan fara daga 70 ko 80. Ya kafa allo a yadi 50, ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, ya yi harbi uku, yana goge bututu tsakanin kowane harbi don toka ba ta canza lissafi. Ya rubuta. Ya ƙara giren 5 ko 10, ya sake uku, ba tare da ya taɓa komai ba sai wannan abu ɗaya. A hankali ramukan za su riƙa matsowa kusa da juna, har a kai wani awo da za su fara watsewa. Nan zai koma baya taki ɗaya, sannan ya mayar da allon yadi 100. Sau da yawa amsar tana faɗawa tsakanin 80 da 100. Abin da ya haura haka yakan ƙare a dukan kafaɗa da hayaƙi, ga tsoron harbi da yake sa hannu rawa. Bindigogi biyu daga masana'anta ɗaya ma kan bambanta.

Abin da na fi so a wannan sana'a shi ne karatun ƙyalle. Bayan harbi, mai dunƙulen darma yakan taka gaba kaɗan yana duba ƙasa har ya tsinci ƙyallen da ya fito. Idan tsakiyarsa lafiya lau, sai baƙin zobe da ɗan zare a gefe, ɗurin ya yi. Idan ya ƙone ko ya huje, wuta na silalewa ta gefen harsashi: ko ƙyallen ya yi siriri, ko maiƙo ya yi kaɗan, ko albarushi ya yi yawa. Tsumma ƙarami, amma ya ba da labarin abin da ido bai gani ba.

Duk wannan wahala saboda dabbar ce. Wurin da ake nema, huhu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinsa wajen inci 8 ne. Wanda ya san inda harsashinsa zai sauka ba ya barin barewa ta tafi da rauni ta mutu a ɓoye.

Da ya samu awonsa, sai ya ɗura, ya zura sanda har ta zauna, ya yi mata alama daidai bakin bututu. Idan wata rana alamar ta tsaya sama, ko an yi ɗuri biyu, ko harsashi bai zauna a kan albarushi ba, kuma kowannensu na iya fasa ƙarfe. Ga mai sha'awa kuma, ko a Amurka yake ko a dajinmu: kada ka kuskura ka farke harsashin zamani ka juye garinsa a bindigar ɗuri. Ƙarfinsa ya fi abin da bututun zai iya ɗauka, kuma ya raba mutane da yawa da yatsunsu.