Idon da dandalin fim ba ya ruɗa

A dandalin ɗaukar shirin talabijin kusan komai na bogi ne. Bangon falanki ne aka shafa wa fenti, jinin haɗa shi aka yi, wuƙar kuma ta roba ce. Amma tsayin bene na gaske ne, haka ma simintin da ke ƙasansa. Rarrabe waɗannan biyun shi ne aikin sufeton kiyaye haɗurra, kuma a ganina gwaninta ce da ba a yaba mata yadda ya kamata.

A Amurka, hukumar OSHA, wadda ta fara aiki a 1971, ita ke tura irin waɗannan mutane. Galibi ba sa sanar da zuwansu. Idan kuma an yi rashin rai, doka ta ba kamfani awa 8 kacal ya kai rahoto. Sufeto zai fara zama da masu kamfani ya gaya musu abin da ya kawo shi, sannan ya shiga zagaye da awo da kamara. Wayar lantarkin da ta ratsa ta inda ruwa ke kwanciya, ƙarfen da ke riƙe da manyan fitilu a saman kawunan mutane, ƙullin igiyar da mutum zai rataya a kai, duk sai ya duba.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen tambaya. Doka ta ba shi dama ya keɓe da ma'aikaci, ba darakta a gefe, ba furodusa. Mai riƙe fitila ya san an yi gaggawa don rana na shirin faɗuwa, amma yana tsoron kada a daina kiransa aiki. Sai mai haƙuri ne zai sa irin wannan ya buɗe baki. Daga nan sufeto zai ɗora abin da ya ji a kan abin da aka rubuta a takardar tsarin aiki. An yi gwaji kafin ɗauka? Wa ya auna inda aka shimfiɗa katifa? Wa ke da ikon cewa a dakata?

A watan Yulin 2017, a jihar Jojiya, ɗan wasan kasada John Bernecker, mai shekara 33, ya diro daga baranda mai tsayin sama da ƙafa 20 ana ɗaukar shirin The Walking Dead. Bai faɗa kan katifar da aka tanada ba, siminti ya tarar, kuma bai tashi ba. Sufetoci na da wata 6 su fitar da hukunci. A watan Janairun 2018 suka ci kamfanin Stalwart Films, mai shirya shirin, tarar dala 12,675 saboda gaza kare ma'aikaci daga haɗarin faɗuwa. Wannan ce tara mafi girma da doka ta yarda da ita a lokacin kan babban laifi guda.

Kuɗin nan bai kai ya kawo ba idan aka dubi girman shirin, balle a ce ya kusanci darajar rai. Sai dai laifin na masu yin doka ne. Sufeto ya sauke nasa nauyin, domin ya rubuta a takardar hukuma cewa haɗarin sananne ne kuma da akwai hanyar kauce masa. Ba zato ya yi ba, ya auna ya tambaya kafin ya sa hannu.